Ɗauko Ma'aikaci Daga Ƙasar Waje: Tambayoyin Da Masu Kamfanoni A Kaduna Ke Yawan Yi

Kaduna ta daɗe da sanin baƙin ma'aikata. Da Turawan Ingila aka tayar da masaƙar farko a Kakuri a 1957, Faransawa suka zo da kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, Japanawa suka gina matatar mai da aka buɗe a 1980, 'yan Sin kuma suka shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Abuja zuwa Rigasa, wanda aka buɗe a 2016. A yau ba sai gwamnati ko wani ƙaton kamfani ba. Mai injin casar shinkafa, mai kamfanin abincin kaji, mai asibiti da mai makaranta duk kan buƙaci gwani daga waje. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa, da abin da doka da aikin yau da kullum suka ce a kansu.

Na sayo injina daga Indiya, ina so injiniyansu ya zo ya zauna yana kula da su. Daga ina zan fara?

Daga kanka za ka fara, Alhaji, ba daga shi ba. Ƙofa uku ce, kuma a jere suke. Ta farko Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya, wadda ke ba kamfaninka izinin ɗaukar baƙo a wani takamaiman matsayi. Wannan izini shi ake kira kota. Ta biyu ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar da ma'aikacin yake zaune, inda zai karɓi bizar shigowa aiki da aka fi sani da STR. Ta uku Hukumar Shige da Fice, wadda za ta daidaita zamansa bayan ya sauka, ta ba shi katin zama da aiki, wato CERPAC.

Kowace ƙofa da takardar wadda ta gabace ta ake buɗe ta. Ofishin jakadanci ba zai saurari injiniyanka ba in babu kwafin kotarka, Hukumar Shige da Fice kuma ba za ta ba shi kati ba in ba da STR ya shigo ba. Mafi yawan asarar da ake yi daga juya wannan tsari take: a fara sayen tikitin jirgi, mutum ya iso, sannan a shiga tambayar yadda za a yi. Tushen abin duka Dokar Shige da Fice ta 2015 ce da ƙa'idojinta na 2017.

Kotar nan, da sunan mutumin ake bayar da ita?

A'a, da sunan kamfani da sunan matsayi ake bayarwa. Takardar za ta ce, misali, an amince wa kamfani kaza gurbi 1 na Injiniyan Kula da Injina, gurbi 1 na Manajan Sarrafa Kaya. Kujera ce aka ajiye, wanda zai zauna a kai daga baya yake zuwa. In wanda ka kawo ya koma gida, kujerar tana nan har wa'adinta ya cika, kana iya ɗora wani da ya cancanta.

Shi ya sa sunan matsayin ba abin wasa ba ne. Yadda aka rubuta shi a takardar kota, haka ya kamata ya fito a takardar ɗaukar aiki, a wasiƙar amincewar ma'aikacin, da wasiƙar da za ka rubuta wa ofishin jakadanci, harafi da harafi. Kota ta ce Injiniya, wasiƙarka ta ce Manajan Fasaha, to fayil ya tsaya. Kuma ilimin mutumin ya dace da kujerar. Ba a ɗora mai digirin lissafin kuɗi a gurbin injiniyan lantarki don kawai shi ne gurbin da ya rage.

Kamfanina na 'yan gida ne zalla. Ni ma sai na nemi izinin kasuwanci?

Kota kawai kake buƙata. Izinin kasuwanci na kamfanin da baƙo ke da hannun jari a cikinsa ne, ko duka nasa ne ko haɗin gwiwa kuka yi. In haka ne, bayan rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sai rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta ƙasa, NIPC, sannan izinin kasuwanci daga Ma'aikatar Cikin Gida. Kundin ƙa'idojin kota da aka sabunta a 2022 ya ce irin wannan kamfani ya kasance da jarin da aka biya na aƙalla Naira miliyan 100.

A nan akwai takarda guda da mutane ke sakaci da ita har ta zame musu ciwon kai: shaidar shigo da jari, CCI, wadda bankin da kuɗin ya shigo ta hannunsa ke bayarwa. Abokin haɗin gwiwarka ya turo daloli ta hannun ɗan canji, an sayi fili an yi gini, amma babu abin da ya nuna a hukumance cewa jarin waje ya shigo. Ranar neman izini babu hujja, ranar da zai so fitar da ribarsa ta banki ma babu hanya. Kuɗin ya bi ta banki, a karɓi CCI tun a lokacin. In injina ne jarin nasa, su ma ana yi musu CCI da takardun shigo da kaya.

Waɗanne takardu zan tanada kafin in nemi kota?

Na kamfani tukuna: satifiket ɗin CAC, kundin tsarin kamfani, takardar da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, shaidar biyan haraji, da shaidar wurin aiki, ko takardar mallakar fili ko yarjejeniyar haya. Sai waɗanda ke nuna cewa aikin na gaske ne: tsarin kasuwanci, bayanin banki, takardun shigo da injina irin su Fom M da takardar lodin jirgin ruwa, da kwafin kwangila in aikin kwangila ne. In sana'ar tana da hukumar da ke kula da ita, lasisinta ya shiga, kamar lasisin haƙar ma'adinai ga mai aikin ma'adinai, ko rajistar asibiti ga mai asibiti.

Sannan kowane gurbi da bayaninsa: mene ne aikin, wane ilimi da gogewa yake buƙata, nawa ne albashi, su wa za su koyi aikin a ƙarƙashinsa. Ta intanet ake shigar da komai, kuma tun watan Mayun 2025 ma'aikatar ta tattara harkar baƙin ma'aikata a sabon tsari guda na intanet. Jami'ai kan zo su ga wuri da idonsu. Adireshin da ka rubuta ya zama inda injin yake ruri da gaske, a Kudenda ne ko Kakuri ko hanyar Kachia, ba shagon wani ɗan'uwa da aka liƙa wa allo ba.

Kowane irin aiki ake ba gurbi?

Ba kowane ba. Ma'aunin shi ne ko akwai ɗan ƙasa da zai iya. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun 2018 ya hana ba baƙo biza a kan aikin da ake da masu iya shi a gida. Direba, mai kula da sito, akawu, mai walda na yau da kullum, waɗannan ba su wucewa, kuma bai kamata su wuce ba a garin da ke da Kaduna Polytechnic, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da ke samun karɓuwa shi ne ƙwarewa a kan wani injin da ba a saba da shi ba, ko kujerar shugabanci da mai jari ke son ajiye amintaccensa.

Kota kuma ba ta maye gurbin lasisin sana'a. Injiniya sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyi COREN, likita da majalisar likitoci MDCN, ma'aikaciyar jinya da tata majalisar, malamin makaranta da majalisar rajistar malamai TRCN. Kamfanin da ke harkar mai da iskar gas yana da ƙarin mataki: sai NCDMB, hukumar da ke kula da kason 'yan gida a harkar mai, ta amince kafin ya doshi Ma'aikatar Cikin Gida, bisa dokar 2010.

An ce sai na rubuta sunayen 'yan Najeriya biyu a ƙarƙashin kowane baƙo. Cika fom ne kawai?

Da yawa haka suka ɗauke shi, kuma wannan ne babban kuskuren da ake yi a harkar gaba ɗaya. Kota aron lokaci ce. Gwamnati ta yarda ka kawo baƙo ne a kan sharaɗin cewa kafin ya tafi, hannun ɗan gida ya faɗa a aikin. Ƙa'ida ta ce kowane gurbi ya kasance da 'yan koyo 2, masu ilimin da ya dace da aikin, aƙalla digiri ko babbar difloma, da sunayensu da lambar NIN ɗinsu da tsarin horon da za a ba su.

Shiga wani kamfanin ka gani. Injin ya tsaya, ƙararrawa na kuka, baƙon injiniya ya zo ya buɗe akwatin lantarki da makullin da ke aljihunsa, ya juya wa kowa baya, ya danna abin da zai danna, ya rufe. Yaran da aka rubuta a matsayin masu koyo suna tsaye nesa, ɗaya riƙe da tocila, ɗaya an aike shi sayo ruwa. Littafin injin yana cikin harshen da ba wanda ya iya karantawa. Shekara biyar a haka. Ranar da mutumin ya yi fushi ko ya samu inda ya fi, injin miliyoyin Naira ya zama tarin ƙarfe, mai kamfani ya koma roƙo ta waya. Wanda ya fi cutuwa a nan kai ne, ba gwamnati ba.

Saboda haka ka sa koyarwa a cikin kwangilar aikinsa a rubuce. A raba aikin kashi-kashi: wata shida na farko kunnawa da kashewa da duban yau da kullum, sai gano matsala, sai kwancewa da ɗaurawa, sai odar kayan gyara. A ajiye littafin da 'yan koyo ke rubuta abin da suka yi da hannunsu, baƙon ya sa hannu. Lambobin sirri na kwamfutar injin su kasance a hannun kamfani. A nemi littafin injin da Turanci tun wajen ciniki. Ka kuma biya yaran albashin da zai riƙe su, don wanda ya koyi aiki ya tafi wani kamfanin, da guminka ya tafi. Ranar sabunta kota wannan littafi da takardun albashinsu su ne hujjarka, domin ana tambayar ina 'yan koyon suka kai.

Shekara nawa kota ke yi?

A kundin 2022, karon farko shekara 3, sai a sabunta sau biyu, shekara 2 kowane karo, jimla 7. A harkar mai da iskar gas shekara 4 ce gaba ɗaya. Akwai gurbi na musamman da ake kira PUR, wanda ba a sa masa wa'adi sai an sake dubawa, galibi na shugaban kamfanin da ya zuba jari mai yawa, kuma kuɗinsa ya fi tsada nesa.

Ka fara shirin sabuntawa wata uku kafin ranar ƙarewa, ba a fafe gora ranar tafiya. Katin ma'aikacinka a jikin kotar yake rataye, in ta mutu ba za a sabunta masa kati ba.

Kota ta fito. Me ma'aikacin zai kai ofishin jakadanci?

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6 da shafuka biyu da ba a buga komai ba, kwafin kota, takardar ɗaukar aiki, wasiƙar da ya rubuta ya amince, tarihin aikinsa, da satifiket ɗin karatunsa. In ba da Turanci suke ba a fassara a buga hatimi. In shugaban kamfani ne ko babban darakta, a haɗa da ƙudurin hukumar daraktoci da ya naɗa shi. A ƙasarsa zai nema, ko ƙasar da ya yi aƙalla wata 6 yana zaune bisa doka.

Sai wasiƙarka kai mai kamfani, wadda a cikinta za ka ce ka ɗauki alhakinsa a fuskar shige da fice. Ka karanta wannan jimla da kyau kafin ka sa hannu. Ma'anarta ita ce zamansa, sabunta takardunsa, da kuɗin mayar da shi gida in abu ya ɓaci, duk a wuyanka suke. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Duk wani ƙunshin takardu da ofishin jakadanci ya rufe ya ba shi, kada ya buɗe, Hukumar Shige da Fice za a kai wa yadda yake.

Ya sauka lafiya. Shi ke nan?

Saura babban aiki. STR bizar shigowa ce, kwana 90 gare ta, kuma a cikin kwanakin nan dole kamfani ya nemi a daidaita zamansa. Daga ranar da aka buga masa hatimin shigowa ake ƙirge, ba daga ranar da ya fara aiki ba. Za a shigar da buƙata ga Kwanturola Janar na Hukumar Shige da Fice, a biya kuɗin CERPAC, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sannan kati ya fito. Rasit da takardar wucin gadi da aka ba shi su ne shaidarsa kafin nan, ya riƙa yawo da kwafinsu, musamman in yana bin hanyar Abuja ko Zariya inda ake tsayar da motoci.

Kada a jira kwana na 80. A shigar a mako biyun farko, saboda in aka ga kuskure a suna ko matsayi a samu lokacin gyara. Wanda ya bar wata uku ya wuce bai daidaita zamansa ba ya yi laifin da hukuncinsa ya kai tarar Naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun.

Mutumin mako uku kawai zai yi, ya ɗaura inji ya koma. Shi ma sai kota?

A'a, wannan izinin aiki na wucin gadi yake buƙata, TWP. An yi shi ne don ɗaura inji, gyara, gwaji, binciken lissafi ko horar da ma'aikata na ɗan lokaci, galibi bai wuce kwana 90 ba. Kamfanin da ya gayyato shi ne ke nema daga Hukumar Shige da Fice, ya bayyana aikin da tsawonsa, ya haɗa da takardun kamfani da shaidar sayen injin ko kwangilar gyaran. Sai amincewa ta fito zai taso.

Inda ake ɓata rawa shi ne mayar da TWP hanyar zama: ya shigo, ya fita, ya sake shigowa, shekara ta zagayo yana kan kujera ɗaya. Fasfonsa da kansa zai ba da labari. In ka san aikin na dindindin ne, nemi kota tun farko.

Ya riga ya shigo da bizar ziyara, kuma ya fara taimaka mana.

A dakatar da aikin yau. Bizar ziyara ko ta kasuwanci ta halatta taro, ganin wuri, ciniki da sa hannu a yarjejeniya. Ba ta halatta ya sa rigar aiki ya ɗauki sifana ba, ko da kuwa ba a biyansa a nan. Hanya mai tsabta ita ce ya fita kafin bizarsa ta ƙare, ya dawo da TWP ko STR. Doka ta tanadi tarar Naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 5 ga wanda ya ɗauki baƙo aiki ba da izini ba, shi kuma baƙon a iya tasa ƙeyarsa. A 2025 gwamnati ta kuma sanar da tarar Dala 15 a kan kowace ranar da baƙo ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare, da hana shigowa na shekaru ga wanda ya daɗe.

Ma'aikatana daga Nijar da Ghana suke. Su fa?

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza su yi kwana 90. Ba a neman musu kota, amma wanda zai zauna ya yi aiki sai ya yi rajista da Hukumar Shige da Fice ya karɓi katin zama na ECOWAS. Ya kuma shigo da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ta kan iyaka da aka sani.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, sai dai ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen da ba su damar zirga-zirga da zama har sai an sanar da wani abu dabam. Sassauci ne, ana iya sauya shi, don haka mai ma'aikata daga Maraɗi ko Damagaram ya tabbatar kowa na da takardarsa a hannu. Mun san yare ɗaya ne, addini ɗaya, wani ma auratayya ta haɗa, amma jami'in da ya zo dubawa takarda yake tambaya. Chadi da Kamaru kuwa ba su cikin ECOWAS. Sauƙin shigowa ziyara da ke tsakaninmu da su ba izinin aiki ba ne.

Zai iya zuwa da iyalinsa? Matarsa malama ce, muna so ta koyar a makarantarmu.

Zai iya, Hajiya, da takardar aure da takardun haihuwar yara, kowa da nasa katin. Amma katin iyali na zama ne kawai. In kuna so ta koyar, makarantarku ta samu gurbi, a sauya mata matsayi zuwa ma'aikaciya, ta kuma yi rajista da TRCN.

Mene ne rahoton wata-wata?

Jadawali ne da kamfani ke miƙa wa Hukumar Shige da Fice duk wata: gurabe nawa aka ba ka, wa ke kan kowanne, ƙasarsa, lambar fasfo da ta kati, inda yake aiki, wa ya shigo, wa ya tafi, su wa ke koyo a ƙarƙashinsa. Ko babu abin da ya canza ana miƙawa, ko gurbin babu kowa ana miƙawa. Kamfanin da ya ƙi bayarwa ko ya ƙi sabunta kotarsa na fuskantar tarar Naira miliyan 3, kuma ranar sabuntawa za a nemi kwafin rahotannin baya. A ɗora wa mutum guda wannan aiki a ofis, da kalanda mai ɗauke da rana uku ga kowane baƙo: ƙarewar fasfo, ƙarewar kati, ƙarewar kota. Ba sa ƙarewa tare, a nan ake mantuwa.

In ka tura ma'aikaci daga Kaduna zuwa wani aikin a Kafanchan ko wata jiha na tsawon lokaci, rahoton ya nuna haka.

Ya ajiye aiki, ko wani kamfani ya ɗauke shi. Me ya rage a kaina?

Katinsa da sunan kamfaninka aka yi shi, ba zai ɗauka ya tafi wani wuri da shi ba. In sauya kamfani zai yi, sabon kamfanin ya kasance da gurbin da ya dace, ya nemi amincewar Kwanturola Janar, da wasiƙar ajiye aiki da wasiƙar sallama daga gare ka. In gida zai koma, ka rubuta wa hukuma a cire sunansa daga kotarka, ka haɗa da shaidar fitarsa. Muddin ba ka yi haka ba, a takarda yana nan a wuyanka, kujerar ma ba za a ɗora wani a kai ba. In kuwa ɓacewa ya yi ba sallama, ka kai rahoto a rubuce nan take, ka karɓi kwafi mai hatimi.

Abu guda da ba ka da ikon yi: riƙe masa fasfo don kada ya gudu. Fasfo na ƙasarsa ne, riƙe shi kuma yana iya jefa ka cikin zargin tilasta aiki.

Wani ejan ya ce yana da gurbi a wani kamfani, zai ɗora mini ma'aikacina a kai da araha.

Kada ka yarda. Sayar da gurbi ko aronsa laifi ne, kuma shi ne irin abin da jami'ai suka fi bi. Katin zai fito da sunan kamfanin da mutumin bai taɓa taka ƙofarsa ba, ranar da aka same shi a naka wurin ku duka kun shiga. Lauya ko wakili na iya taimaka maka da cika takardu, babu laifi. Amma asusun intanet ɗin da sunan kamfaninka da imel ɗinka za a buɗe, kuɗin gwamnati ta hanyar biyan gwamnati zai bi, rasit ya zo hannunka, kuɗin aikinsa kuma dabam.

Nawa zan tanada?

Kashi huɗu ne: kuɗin kota a kan kowane gurbi, kuɗin biza wanda ya danganta da ƙasar mutumin, kuɗin CERPAC na kowace shekara, da ladan lauya. CERPAC ya tashi daga Dala 1,000 zuwa 2,000 a ƙarshen 2018, kuma ana sake duba farashi lokaci zuwa lokaci, don haka a ɗauki adadi daga shafin hukuma a ranar biya. Da yake da Dala ake lissafi, faɗuwar Naira kai take duka.

Har yanzu ana tambaya a kan harajin ɗaukar baƙo da gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar a Fabrairun 2024, Dala 15,000 ga darakta da 10,000 ga sauran ma'aikata a shekara. An dakatar da shi a watan Maris na 2024 bayan ƙorafin 'yan kasuwa. Harajin albashi kuwa yana nan: baƙon da ke zaune yana aiki a Kaduna, hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ake biya wa, ko da wani ɓangaren albashin a ƙasarsu ake zuba masa. Shaidar wannan biya tana cikin abin da ake nema wajen sabuntawa.

Dole sai na je Abuja?

Amincewar kota da izinin kasuwanci daga ma'aikatar tarayya suke fitowa, gwamnatin jiha ba ta bayarwa. Hukumar bunƙasa zuba jari ta jiha, KADIPA, na iya taimaka wa mai zuba jari da batun fili da nuna hanya, amma ba ta da ikon ba da gurbi. Mafi yawan shigar da takardu yanzu daga ofishinka za ka yi. Ofishin Hukumar Shige da Fice na Jihar Kaduna shi ke sa ido a kan baƙin da ke aiki a jihar, shi zai zo dubawa, don haka ka gabatar da ma'aikacinka a can, ka ajiye fayil cikakke na kowane baƙo a wurin aiki.

Ni kuma ɗana ne aka ce an samo masa aiki a waje, ana neman Naira miliyoyi na takardar ɗaukar nauyi. Yaya abin yake a can?

Ƙa'idar ɗaya ce da tamu, Baba: mai ɗaukar aiki ne ke neman izini, ba ma'aikaci ba. A Birtaniya kamfani sai ya mallaki lasisin ɗaukar nauyi daga ma'aikatar cikin gidansu, sannan ya ba ma'aikaci lambar shaidar da ake kira CoS. Gwamnatin tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Hanyar ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, wadda aka fi damfarar mutanenmu da ita, an rufe ta a Yulin 2025. A Kanada kamfani ne ke neman takardar LMIA, wadda ke nuna bai samu ɗan ƙasa ba, kuɗinta Dalar Kanada 1,000 ne a kan kowane gurbi, kuma haramun ne ya karɓa daga ma'aikaci. A Amurka ma kamfani ke shigar da buƙata. A Saudiyya bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce, sai da bizar aiki da iƙama, wato katin zama.

Kafin a fitar da ko kwabo, ɗanka ya nemi sunan kamfanin, ya samo lambarsu daga shafinsu da kansa, ya tambaye su ko sun san da zancen. Ya nemi kwangila a rubuce mai albashi da sa'o'in aiki. Ejan ɗin da ke nan gida kuma ya nuna lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In aka ce ya miƙa fasfonsa na asali, ko ya tafi da bizar ziyara a gyara a can, ko ya biya a asusun wani mutum, a tsaya nan, a kai maganar ga hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ko ofishin Hukumar Shige da Fice mafi kusa.